Battar Kawu Chaibu a Gaban Wuta

Idan mutum ya faɗi gaskiya tsantsa, alhali ya san wanda ke saurarensa zai tashi da ƙarya a cikin kansa, ya yi ƙarya ko bai yi ba? Na kai wannan tambaya wurin limamin masallacinmu na Sabon Gari, ya ce in ba shi labarin tun daga farko. Da na gama ba shi, ya yi ta dariya har rawaninsa ya kwance, ya sa takalmansa ya tafi bai ba ni amsa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta, ko a samu wanda ya fi shi kamun kai.

Sunana Idirisa, gyaran firigo nake yi, wato firji. Ban yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Ɗan abin da na sani na tsince shi ne a tsofaffin littattafan da ake shimfiɗawa a bakin titi, sauran kuma a bakin wutar da nake liƙe bututu da ita. Wutar gaz shuɗiya ce, siririya, kusan ba a ganinta da rana. Amma ka kai mata jan ƙarfe, sai ta koma kore. Na daɗe ina ganin haka ban tambayi dalili ba, har ranar da na karanta cewa sinadarai da yawa kowanne na da kalar da yake ba wuta, yadda kowane mutum ke da muryarsa. Gishiri na ba ta rawaya. Kanwa ma rawaya, domin abu ɗaya ne a cikinsu, wanda masu karatu ke kira sodiyom. Farar ƙasa na ba ta ja irin na bulo. Tokar karan gero kuwa, idan aka tace ta aka ƙafar da ruwan, tana ba da wata kala mai kunya, kamar furen tumfafiya. Duk na gwada su a shagona ranakun da babu aiki, maƙwabta na leƙowa suna cewa Idirisa ya fara.

Wannan ilimi bai taɓa amfanar kowa ba, bai kuma cuci kowa ba, sai da ya gamu da Kawu Chaibu.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, yana Jiratawa, yana da gona a filin ban-ruwa inda yake noman zogale da albasa da ɗan tattasai. A bazarar da ta wuce ya faɗi a tsakiyar gonar, bakinsa ya karkace, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa. Aka kawo shi asibiti a Maradi. Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, bakin ya koma daidai har ya fi da surutu. Likita ya ce tansiyo ce, wato hawan jini, ya rubuta ƙwayoyi, ya kuma yanke hukunci: ba gishiri, ba kanwa, ba magi.

Ɗiyarsa Atika ita ta ɗauki hukuncin ta ƙara masa nauyi. Tana auren wani babban ɗan kasuwa a unguwar Zariya ta nan Maradi, ta je Makka tun da ƙuruciya, har ubanta ma Hajiya yake ce mata. Ni taubashinta ne, tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Ta gyara wa Kawu ɗaki a gidanta, mai tayil da kilima mai hura sanyi da talabijin mai faɗin ƙofa. Ta kai shi ya gani a gaban dangi, ta ce:

"Baba, ranar da na kama ka da gishiri, ranar za ka kwana a ɗakin nan, gonar kuma a ba wani ya noma."

Kawu ya dubi ɗakin, ya shafa hannunsa da sanyi ya fara kamawa, ya dube ni.

"Idirisa, wanga ba irin shi kake gyarawa ba? Ina ake sa kifin?"

"Baba, da gaske nake."

"Na ji, Hajiya. Na yarda. In kin kama ni."

Ta sayo masa gishirin farmasi, wanda ake yi domin masu tansiyo. Ko ɗanɗanawa bai yi ba. Ya ce shi ba zai ci gishirin da aka manna wa takarda a jiki ba, ya wurga gwangwanin bayan garken awaki. Matarsa, Inna Ramatu, ta kwashe duk gishirin gidan ta ba maƙwabta, ta koma yin miya lami ita da shi. Kawu ya rame. Yakan zauna gaban tuwo kamar wanda aka kawo wa sammaci.

Sai ga batta ta bayyana. Ƴar ƙarama ce ta fata, cike da wani gari kore-kore. Kawu ya ce magani ne daga wani tsoho a Tibiri, haɗin saiwoyi, ana barbaɗawa a miya. Ya ce mai maganin ya kafa sharaɗi ɗaya: mace ba ta taɓa battar, ko da ɗan yatsa, in ta taɓa magani ya karye. Inna Ramatu ta miƙa hannu ranar farko don ta gani, ya fizge kamar ta kai hannu ga maciji. Daga ranar Kawu ya koma lashe kwano. Kumatunsa suka ciko. Abin da ya ɗaure wa kowa kai, duk lokacin da aka auna shi a asibitin garin, tansiyo na nan kwance lafiya. Mijin Atika ya taɓa lasar garin, ya ce akwai gishiri-gishiri amma akwai ɗaci a baya. Kawu ya ce haka saiwa take, wanda bai san daji ba ya yi shiru.

Atika ba ta yarda ba. Hujja ce kawai ba ta da ita, ni kuma na kai mata har gida.

Firigonta ne ya daina sanyi, na je gyara. Ina liƙe bututu wuta ta yi kore, ta tsaya a kaina.

"Kai injiniyan bola, mi ka sa wa wutar? Kar ka ƙone mini gida."

"Hajiya Kwamanda, wuta ce ke gaishe da jan ƙarfe. Ke da kika gama lakwal ba a gaya maki ba?"

Da na tsaya nan da an zauna lafiya. Amma mutumin da ya daɗe yana riƙe da ilimin da ba wanda ya tambaye shi, in ya samu kunne ba ya iya tsayawa. Na kunna murhun gaz ɗinta, na ɗebi gishiri na yayyafa. Wutar ta tashi rawaya fau. Na ce mata ko ƙwaya ɗaya ce a cikin abu, wuta sai ta tona.

Atika ta dubi wutar, ta dube ni. Ta ɗauki mayafinta.

"Ɗauko kayanka. Jiratawa za mu."

"Firigon fa?"

"Kifin ya ruɓe."

Muka kama hanya a motarta. Ni na san abin da ke cikin battar, ko in ce na yi zaton na sani, domin saiwar da ke sa tsoho lashe kwano ba a daji take fitowa ba. Idan wuta ta tona, Kawu zai rasa gonarsa. Idan ba ta tona ba, wata rana zai sake faɗuwa a cikinta, mai yiwuwa ba zai tashi ba. Na juya abin ta kowane gefe, ban ga gefen da zan iya ɗauka ba tare da ya ƙone ni ba.

Mun tarar Kawu na gona. Babbar rigarsa na rataye a ƙusa, battar na aljihu. Atika ta sauke rigar ta ɗora a cinya, ta zauna a kan tabarma.

"Rigar na taɓa, Inna, ba battar ba. Kar a ce na karya magani. Kai, je ka kira shi."

Inna Ramatu na zaune bakin ƙofa tana tsinke ganyen zogale a faifai. Ta tambaye ni lafiyar mahaifiyata.

Na sami Kawu tsugune yana buɗe wa albasa ruwa da ƴar fartanya. Ruwan na bin kwari a hankali, yana ratsa fangali ɗaya ya shiga na gaba, shi kuma yana binsa yana yi masa magana kamar mai kora tumaki. Na gaya masa abin da ya kawo mu. Na yi masa bayanin wuta da kalolinta, da yadda ake tsoma siririyar wayar ƙarfe a cikin abu a kai wa wutar. Ya saurara har ƙarshe, ya wanke hannu a ruwan, ya zauna a kan kunya.

"Idirisa, a ce misali. Misali nake cewa. A ce mai maganin nan, tsufa ya kama shi, hannunsa ya kuskure ya zuba ɗan gishiri."

"Kamar yaya yawansa, Kawu?"

"A ce misali duka."

"Koren fa?"

"Zogalena ne. Ni na daka."

Na zauna kusa da shi. Ya nuna mini bishiyoyin zogalen da hannun da ya taɓa mutuwa.

"Ka ga waɗanga? In ban zo da safe ba sai su yi hushi. A gidan Hajiya mi zan yi? In zamna in kalli mutane na gudu cikin talabijin, in jira a kira ni cin miya lami? Ka ce jan ƙarfe na ba da kore. To sa mata jan ƙarfe ta yi kore, a ce ganye ne, kowa ya tahi gida."

"Ko na so ba zai yiwu ba. Rawayar gishiri tana rufe kowace kala. Ita ce mai babbar murya a cikinsu."

"Kamar Hajiya."

"Kamar ita."

"To tsoma wayar cikin ruwan banza."

"Kawu, ba zan sa wuta ta yi ƙarya ba. Kuma in ka sake faɗuwa, da wane ido zan dubi Inna?"

"Ni na goya ka ranar da aka yi maka kaciya. Kana ihu kana cizon kunnena. Ga tabon nan."

Na duba, babu tabo. Ya ce ya warke ne saboda haƙurinsa. Muka kamo hanyar gida, yana gaba yana tafiya a hankali, yana tsayawa yana duban gonakin mutane kamar mai sallama da su. Ni kuma ina baya ina tsine wa ranar da na sayi littafin nan.

Aka shiga ɗaki aka tura ƙofa don a rage hasken rana. Na ajiye ƙaramin tulun gaz ɗina a tsakiya, na kunna, na daidaita shi har wutar ta tsaya shuɗiya. Atika ta ce sai na fara nuna wa kowa da abin da aka sani, kar a ce sihiri ne. Na sa jan ƙarfe, wuta ta yi kore. Inna Ramatu, da ta matso da faifanta bakin ƙofa, ta ce, "Ikon Allah." Gishiri kuwa sai da aka aika maƙwabta, domin babu ko ƙwaya a gidan. Na jiƙa shi, na tsoma waya, na kai. Rawaya ta cika ɗakin har fuskokinmu suka koma kamar na masu shawara. Kawu ya haɗiye yawu, na ji ƙararsa.

Na ɗauko sabuwar waya, na ƙona bakinta har ta daina ba da kowace kala. Na ce kar wanda ya taɓa, gumin hannu ma gishiri ne.

"To Baba ya matsa baya," in ji Atika. "Ga shi yana zuba."

"Zahi ne, Hajiya. Kun ruhe ƙofa."

Ni na ciro battar daga aljihun rigar. Na zuba garin a ɗan kofi, na sa ruwa kaɗan, na jira ganyen ya kwanta. Kawu ya rufe ido yana motsa baki. Na tsoma wayar na kai ta gefen wutar.

Wutar ta yi ɗan tsartuwa. Sannan ta ɗauki wata kala mai sanyi, tsakanin shuɗi da ja, ta yi ta lilo a bakin wayar. Furen tumfafiya.

Kawu ya buɗe ido ɗaya, ya buɗe na biyu, ya sunkuyo har gemunsa ya kusa kamawa.

"Sake!" in ji shi.

Atika ta juyo ta dube shi.

"Ina nuhin, sake don Hajiya ta gani da kyau."

Na sake. Na sake kuma. Kalar ba ta canja ba. A ɗakin nan kaf ba wanda ya kai mai battar mamaki, sai ko ni.

"Idirisa," in ji Atika, kuma wannan ne karo na farko da na ji sunana na gaskiya a bakinta, "mine ne wannan?"

A nan ne tambayata ta samo asali. Na san Kawu ya sayi gishiri, da bakinsa ya faɗa mini a kan kunya. Na san abin da Atika ke son sani shi ne ko ubanta ya yaudare ta. Amma ba haka ta yi tambayar ba.

Na ce, "Babu gishirin da likita ya hana a cikin wannan."

"To mine ne a ciki?"

"Potasiyom ake ce masa. Irin abin da ke cikin tokar karan gero. Tsirrai na da shi da yawa."

Kowace kalma gaskiya ce. Atika ta sauke rigar daga cinyarta, ta durƙusa gaban ubanta, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, ka yahe mini. Na zarge ka."

Kawu bai ɗauki lokaci ba wurin dawowa hayyacinsa. Ya miƙe wuya, ya gyara hula.

"Ba komai, Hajiya. Ƴaƴan zamani ne, sai wuta ta yi maku shaidar ubanku. Ɗakin nan naki ki sa kaji, sun hi ni son sanyi."

Na fita bayan ɗaki don in wanke kofin. Inna Ramatu ta riga ni, tana gaban murhu tana gyara itace. Ba ta ɗago ba.

"Wutar taka ta iya bakinta?"

"Wuta ta gama magana, Inna. Saura ni."

Ta sa hannu bayan randa ta jawo gwangwani, ta nuna mini, ta mayar. Gishirin farmasi ne, takardarsa na manne a jiki.

"Ranar da ya wurga na ɗauko. Da ya fara zuwa Tibiri, na bi sawunsa a rumbu. Gwangwanin madara ne ƙarƙashin irin albasa, daga shi yake cika battar. Duk ranar da ya cika shi, in ya tahi masallaci sai in juye in zuba wanga, in daka zogale in haɗa. Nashi kuwa shanun maƙwabcinmu Maman Lawali ke lasa, har sun yi ƙiba."

"Likita ya sani?"

"Kai ma dai. Sai da na sa aka ɗebi jininsa aka duba ƙoda, aka ce ba laihi in ba a cika ba. In ya ƙare, mai aunin tansiyo ke sayo mini."

"Bai taɓa ji a bakinsa ba?"

"Ya ji. Ya ce gishirin yanzu ba shi da albarka."

"Me ya hana ki gaya wa Atika?"

Sai a nan ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ake yi wa yaron da ya tambayi abin da ke gabansa.

"In ce mata ubanta na sayen gishiri? Da yamma motarta na ƙohwa. Ni in bi shi in zamna kan tayil, ko in zamna nan ni kaɗai? Shi yana jin daɗi yana cutata, ni ina jin daɗi ina cutarsa, tansiyo na kwance. Wa aka zalunta?"

Ta zuba mini ganye a leda ta ce in kai wa mahaifiyata.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe wutar tawa ta buɗe wata ƙofa. Ranar kasuwar Tibiri da ta biyo baya, da hantsi, kabu-kabu ya sauke Kawu a ƙofar shagona. Fuskarsa a murtuke, yana rungume da ƙullin leda.

"Kunna wutar nan taka. Mutumen nan mai gishiri ya daɗe yana cutata. Ina ba shi amana yana ba ni toka. Yau na tsaya a kansa ya ɗebo daga tsakiyar buhu. Daga yau duk gishirin da na saya sai ka gwada shi, kuma a jikina zai kwana."

Wato gaskiyar da na faɗa a Jiratawa ta cece shi daga ɗakin Atika, yanzu kuma za ta kai shi ga gishiri na ainihi, wanda Inna ba za ta iya kaiwa gare shi ba. Na ce gaz ya ƙare. Ya ɗaga tulun ya girgiza, ya ajiye a gabana. Na kunna.

Na gwada na ledar. Rawaya.

"Yauwa. Yau ya ji tsoro. Gwada wanga kuma." Ya ciro wani ɗan ƙulli daga aljihu. "Ragowar na wancan zuwan ne, ya maƙale a aljihun wando, bai shiga rumbu ba."

Rawaya.

Kawu ya sa hannu a aljihu. Ya ciro battar da kansa, ya miƙo. Furen tumfafiya. Ya jera su uku a kan tebur, ya daɗe yana dubansu, yana taɓa kowanne da ɗan yatsa.

"Wanga da wanga, buhu ɗaya suka hito. Wanga ya kwana a wando. Wanga ya kwana a rumbu." Ya ɗago. "Idirisa, ɓera na canja gishiri?"

"Ban taɓa karantawa ba, Kawu."

"Aljani fa?"

"Littafin bai kawo su ba."

"Wa ke shiga rumbuna?"

Na sunkuya na kama goge wani bututu da ba ya buƙatar guga. Ya zauna a kan wani mataccen firigo da ke kwance. Na jira faɗa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na fara tunanin inda zan sami mota in abin ya motsa. Sai na ji wani sauti kamar na tulun da ake zuba wa ruwa. Dariya ce ke fitowa daga cikinsa, yana danne ta tana ƙin dannuwa.

"Gwangwanin da na wurga wa awaki," ya ce. "Ina laɓewa. Ina tashi kamar ɓarawo in shiga rumbu da sanɗa. Har istigfari nake yi bayan kowane tuwo. Ashe maganin likita nake sata!" Ya share ido da hannun riga. "Kuma tana zaune tana tsinkar ganye tana cewa ikon Allah."

Can ya natsu, ya dube ni sosai.

"To kai mai tunani, gaya mini. Alkawarin da na yi wa Hajiya, na karya ko ban karya ba?"

"Kawu, tawa tambayar ma ta ishe ni."

Ya ɗauki ledar gishirin Tibiri, ya auna nauyinta a tafin hannu. Ya kwance bakinta, ya sa yatsa ya ɗebo ƴan ƙwayoyi, ya kawo su kusa da baki. Ba gaskiyar da ta rage mini da zan faɗa. Ya daɗe a haka, yana kallon hannun, na hagu ne. Sannan ya kakkaɓe yatsan a kan wutar, ta yi tartsatsi rawaya ta koma shuɗiya.

"Kai wa uwarka ta yi miya. Tashi ka kai ni gida, kabu-kabun nan ya kusa zubar da ni a gada."

Na goya shi a moto har Jiratawa. Mun iso ana sauke tuwo. Inna Ramatu ta shimfiɗa mana tabarma a inuwar ɗaki, ta ajiye kwano da miyar kuka, ta koma gefe ta zauna da nata. Kawu ya wanke hannu, ya ciro battar, ya girgiza ta kusa da kunne.

"Na je Tibiri yau," ya ce, yana magana da kwanon.

"Sannu da hanya, Malam. Mai maganin na lahiya?"

"Lahiya lau. Ya ce a gaishe ki. Ya ce ya sake duba sharaɗin nan, ashe kuskure ya yi."

Inna ta tsaya da loma a hannu. Ta dube ni, na dubi akuya.

Kawu ya miƙa mata battar, bai juya kai ba.

"Ungo, ta kusa ƙarewa. Cika mini. Ki rage ganyen, yana yi mini yawa."